Don Allah Ka Sa Mini Hannu

Ƙannena da kuka samu gurbin karatu a jami'a, ina taya ku murna, Allah Ya sa a gama lafiya. Akwai wata magana da za ku fara ji tun mako na biyu ko na uku da buɗe makaranta, wataƙila ma daga bakinku za ta fito: "Don Allah idan takarda ta zagayo ka sa mini hannu." Mai faɗin haka ba ya ganin ya yi wani laifi. Lakcar ƙarfe takwas ce ga sanyin hunturu, ko yana da ɗaurin aure a cikin gari, ko dai kawai jikin ne ya ƙi. Wanda aka roƙa shi ma gani yake zumunci ya yi. Su biyun sun ɗauka abin da ake nema a ajin shi ne sunan mutum ya fito a takardar, kuma a nan ne aka samu matsala.

A sakandare akwai ƙararrawa, akwai firifet a bakin ƙofa, akwai malamin horo da dorinarsa. A jami'a babu mai leƙo ɗakinka ya ce ka tashi. Ka yi mako biyu ba ka taka aji ba, babu wanda zai aika gida a kira mahaifinka. Shirun nan kan ruɗi sabon ɗalibi ya zaci babu mai lissafi. Akwai lissafi, sai dai ba a kawo maka shi sai ƙarshen zango, lokacin da ba a iya gyara shi.

Mu fara da doka, tunda ita ce mafi sauƙi. A littafin ƙa'idojin da aka ba ka ranar rajista, wanda na tabbata yana ƙasan akwati ba ka buɗe ba, yawancin jami'o'in Najeriya sun rubuta cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussan kwas kafin a bar shi ya zauna jarrabawarsa. Jin kashi 75 kan sa mutum ya ga kamar akwai fili mai yawa. To ƙirga mu gani. Kwas ɗin da ake shiga sau ɗaya a mako, a zangon da aka yi mako 15 ana koyarwa, zama 15 ke nan. Ka yi fashi sau uku kana ciki. Ka yi na huɗu, ka sauko kashi 73, ka fita. Wannan fa idan zangon ya cika ne. Bayan yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba, jami'o'i da dama sun matse zangunansu don su cike giɓin wata takwas. Idan kuma malamin sau takwas kawai ya samu shigowa, fashi uku ya jefa ka ƙasa da kashi 63. Gaskiya ne ba kowane malami ne ke ɗabbaƙa wannan doka ba, wasu ma ba sa karɓar sa hannun sam. Amma ba ka da hanyar sanin wanda zai ɗabbaƙa ta sai ranar da aka kafe sunayen waɗanda ba za su shiga ɗakin jarrabawa ba.

Abin da ya fi dokar cin mutane shi ne makin da ake tarawa kafin jarrabawa, wanda kowa ke kira CA. A wasu jami'o'in maki 30 ne cikin 100, a wasu 40. Tes, aikin gida, gabatar da aiki a gaban aji, aikin ɗakin gwaji, wani lokacin har da halartar kanta, duk a nan suke. Kamar adashi ne: ana zubi kaɗan-kaɗan, wanda kuma bai zuba ba ba ya tsammanin kwasa. Kowane tsohon ɗalibi ya san ranar da malami zai shigo ya ga rabin kujeru babu kowa, ya yi shiru, ya ajiye jakarsa ya ce, "Kowa ya ciro falle ɗaya." Nan take wayoyi za su fara aiki a ƙarƙashin tebur, ana kiran na hostal su taho da gudu. Kafin su iso an rufe ƙofa. Maki goma sun tafi cikin minti goma sha biyar.

Ɗauki kwas mai CA 40 da jarrabawa 60. Ɗalibin da ya tara 30 a CA, maki 40 cikin 60 yake buƙata ya kai 70, wato A. Wanda ya rasa tes ɗaya, ya miƙa aikin gida a makare, ya ƙare da 12, sai ya ci 58 cikin 60 kafin ya ga A ɗin nan. Ko B ma sai ya kawo 48. Ƙwaƙwalwarsu na iya zama ɗaya, karatunsu na dare na iya zama ɗaya, amma tun kafin a raba takardar tambayoyi an riga an bar ɗaya a baya da maki 18.

Sai kuma CGPA, wato matsakaicin makin da ka tara tun shigarka jami'a, wanda ba shi da mantuwa. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, A maki 5 ce, B 4, C 3, har zuwa F da ba ta da komai, kuma ana ninka kowanne da nauyin kwas ɗin. Wanda ya ɗauki yunit 18 a zango ya ci B a duka, yana da 4.00. Idan kwas ɗaya mai yunit uku ya zama F saboda an hana shi jarrabawa, ya faɗo 3.33. Kwas ɗin zai biyo shi shekara mai zuwa a matsayin kariyoba, kuma sau da yawa lokacinsa zai ci karo da na wani sabon kwas, ya zama dole ya yi fashin ɗaya don ya halarci ɗaya. Haka fashi ke haifar fashi. Masu cewa "aji ɗaya ne, bari mu ɗan huta tukuna" su ma su ƙirga: a digirin shekara huɗu, in nauyin shekarun ya zo daidai, wanda ya gama shekarar farko da 2.50 sai ya riƙe kusan 3.83 a sauran ukun kafin ya kai 3.50, matakin babbar daraja ta biyu da masu ba da tallafin karatu da ma'aikatu da yawa ke nema. In ya kai shekara biyu a kan 2.50, to sai ya yi 4.50 a sauran biyun, wato ya koma karatu irin na masu daraja ta ɗaya dare ɗaya. Ana yi, amma ba su da yawa.

Wani zai ce wannan duk tsarin makarantunmu ne, a inda babu tes ɗin ba-zata mai ƙoƙari zai iya karatunsa a ɗaki ya ci. An gwada wannan zancen. A 1993 wani masanin tattalin arziki a Amurka, David Romer, ya ƙirga ɗaliban da ke shiga darasin fanninsa a manyan jami'o'i uku, ya tarar a kowace rana kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa nan. Da ya bi sakamakon ɗaliban ajinsa, sai ya ga wanda ke zuwa kowace lakca yakan tashi da kusan B mai ƙarfi, wanda ke zuwa rubu'in lakcocin kuwa yakan ƙare a C mai rauni. A 2010 Marcus Credé da abokan aikinsa suka tattara bincike kusan 70 da suka shafi ɗalibai sama da 21,000, suka samu cewa yawan halartar aji ya fi makin sakandare da makin jarrabawar shiga jami'a nuna yadda ɗalibi zai ƙare a kwas.

Mai hankali zai yi tambaya a nan: anya ba don dama masu himma ne ke zuwa aji ba, himmar ce ke ci musu jarrabawa? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta. Romer ya yi tunaninta, ya ware ɗaliban da suka yi duk ayyukan gida, ya kuma yi la'akari da makinsu na baya, ya ga tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Abin da ya fi jan hankalina a aikin su Credé wani ɓangare ne da ba a cika ambata ba: inda aka tilasta halarta da doka, makin ɗalibai ya ƙaru, amma kaɗan ne. Fahimtata ita ce doka tana iya kawo gangar jikin mutum ta zaunar a kujera, ba ta iya kawo hankalinsa. Wanda ya zo ya zauna a layin ƙarshe yana duba WhatsApp har a tashi, ya tsira daga dokar kashi 75, amma bai fi wanda aka sa wa hannu da komai ba. Shi kuwa wanda aka sa wa hannun, abokinsa ya yi masa shaidar zur ya kuma bar shi hannu rabbana. Idan malami ya ƙirga kawuna ya ga sun gaza sunayen da ke takarda, su biyun ne za su amsa tambaya.

To mene ne a cikin ajin da babu shi a handawut? Abu na farko da sabon ɗalibi kan daɗe bai gane ba: a WAEC da NECO da JAMB, wanda ya koyar da kai daban, wanda ya tsara tambayoyi daban, mai makin ma daban. A jami'a mutumin da ke tsaye a gabanka shi zai tsara tambayoyin, kuma galibi shi zai duba takardarka. Duk inda ya tsaya ya maimaita, duk misalin da ya koma kansa sau biyu, duk inda ya ce "wannan ku riƙe shi da kyau", yana nuna maka abin da yake ganin shi ne ƙashin bayan kwas ɗin. Littafin abokinka da ka ɗauki hotonsa da waya ba zai gaya maka inda muryar malam ta canza ba. Abokin naka ma abin da ya fahimta ya rubuta, inda ya ɓata kuwa ya bar layi biyu babu komai ya wuce.

Na biyu shi ne yadda kan ɗan'adam ke riƙe abu. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da aka haddace yana zubewa ne cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya daɗewa. Mai zuwa aji ya ji abu a mako na uku, ya sake gamuwa da shi a aikin gida, ya sake a tes, sannan ya zo bita kafin jarrabawa: haɗuwa huɗu ke nan. Mai fashi haɗuwarsa ta farko da darasin ita ce daren da ya kwana a ajin karatu da goro da kofi, yana kokawa da aikin mako goma sha biyu. Wanda ya yi makarantar allo bai buƙatar Bajamushe ya gaya masa wannan. Ba a wanke allo sai an biya, ba a ƙari sai na jiya ya zauna, kuma gardi bai taɓa barin tilawa sai ana gobe sauka ba.

Tunda na taɓo nan, bari in ɗan tsaya, don akwai abin da ke ba ni mamaki. A karatun zaure, a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ɗalibi ne ke buɗe littafi ya karanto nassi da bakinsa, malam na fassara masa gaɓa-gaɓa. In ya karya wasali, nan take a gyara masa a gaban kowa, ba ya kuma jin an ci masa fuska. In bai gane mas'ala ba ya ce, "Allah gafarta malam, a maimaita." Ba a taɓa ɗaukar wanda ya sayi littafi ya karanta a ɗaka a matsayin wanda ya yi karatunsa ba, sai an tambaye shi a gaban wa ya ɗauka. Amma yaron da ya taso a wannan tarbiyya, da zarar ya shiga ɗakin lakca sai ya zama kurma. Ya yi shekara huɗu malamansa ba su taɓa jin muryarsa ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An koya mana kada yaro ya tsoma baki in babba na magana, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Ga tsoron Turanci: kada in ɗaga hannu in yi ɓaranɓarama, 'yan Legas da 'yan makarantun kuɗi su yi mini dariya. Ga tsoron abokai, kada a ce wane na neman suna ne ko yana neman shiga wajen malam. Duk na san su. Amma ka auna farashin. Kuskuren da ka furta a aji, dariyar minti ɗaya ce kuɗinsa, a gyara maka, kuma da wuya ka sake manta shi. Kuskuren nan in ka ɓoye shi, zai fito a takardar jarrabawa inda babu mai gyarawa, sai jan biro. Turancin kuma ba ya gyaruwa a baki rufe. Kowa ya iya cewa matambayi ba ya ɓata, amma sai a tasha muke aiki da karin maganar.

Bincike ya goyi bayan zaure a nan. A 2014 Scott Freeman da wasu masana suka haɗa nazari 225 a fannonin kimiyya, injiniyanci da lissafi. A azuzuwan da malami ke magana ɗalibai na saurare kawai, kusan kashi 34 cikin 100 ne suka faɗi kwas. A inda ake sa ɗalibai su amsa tambaya, su warware matsala, su yi musu da juna a cikin darasi, kusan kashi 22 ne. Wani gwaji da aka yi da ɗaliban fiziks a Harvard, aka buga a 2019, ya ƙara wani abu mai ban sha'awa: ɗaliban da aka yi wa lakca mai daɗin ji sun fita suna jin sun fi ganewa, amma da aka gwada su, waɗanda aka wahalar da tambayoyi ne suka fi cin maki. Jin cewa ka gane daban, ganewar daban. Ba za ka san wanne kake da shi ba sai an ce ka faɗa da bakinka.

Ba ina cewa kowa ya zama mai ɗaga hannu sau biyar a lakca ba. Akwai mai tambayar da ba neman sani yake ba, so yake a san ya karanta, kuma aji kan gaji da shi da wuri. Tambaya ɗaya a mako, wadda ka rubuta tun daren jiya bayan ka leƙa babin da za a yi, ta wadatar. In ajin na ɗaruruwan mutane ne, irin na kwasa-kwasan gama-gari, ga lasifika babu wuta, to sammako shi ne rabin aikin: layuka biyar na gaba su ne ajin, sauran 'yan kallo ne. Tambayar da ba ta samu fili ba ka bi malam da ita ofis a lokacin da ya ware, ko ka kai ta tutoriyal. Ka kuma nemi mutum uku ko huɗu da za ku riƙa zama bayan la'asar kowa ya koyar da wani ɓangare. Wanda ya tashi zai bayyana wa abokansa abu, nan da nan yake gano ramin da ke cikin saninsa.

Ke kuma ƙanwata, naki nauyin ya fi. Na san yadda ake kallon yarinyar da ta cika magana a aji, na kuma san dalilin da zai sa ki yi taka-tsantsan da zuwa ofishin malami ke kaɗai. Ki tafi da ƙawarki, ki tafi a lokacin aiki, amma kada ki bar tambayar ta mutu. Kamun kai bai hana mace ta ce ba ta gane ba. In kina da aure ko goyo, ki sanar da mai kula da ajinku tun farkon zango. Malamai da yawa kan sassauta wa wadda ta yi bayani tun kafin ranar tes fiye da wadda ta zo da uzuri bayan an gama.

Ba zan yi kamar duk mai fashi malalaci ne ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗalibin da ke tasowa daga Hotoro ko Mariri zuwa sabon matsugunin jami'ar Bayero a titin Gwarzo, ko daga birnin Zariya zuwa Samaru, ya san abin da kuɗin mota ke yi wa aljihu. Wani sai ya tsaya a shagon yayansa a Kantin Kwari kafin ya samu na rajista. Ga wanda ke cikin wannan hali, shawarata ita ce ya yi wa fashinsa kasafi yadda yake yi wa kuɗinsa. Ya san sau nawa doka ta ba shi a kowane kwas, ya rubuta, ya ajiye su don ranar larura ta gaske. Kada ya taɓa kashe su a aikin ɗakin gwaji, don ba a ramawa, ko a kwas irin lissafi, ƙididdiga, akanta ko nahawun Larabci, inda darasin wannan mako ke zaune a kan na makon jiya. Ranar da ya rasa, ya karɓi littafin wanda ya je a ranar, ya kuma sa shi ya yi masa bayani da baki. Wanda ya cancanci bashin karatu na NELFUND ya nema, akwai kuɗin kashewa na wata-wata a ciki, kuma kuɗin mota na daga cikin abin da ya fi dacewa a yi da shi.

Akwai kuma malamin da laifin nasa ne. Wanda zai sa ku biya kuɗin mota ku zo ku yi awa biyu kuna jira, sannan wakilin aji ya ce malam ya yi tafiya. Ko wanda zai zo ya buɗe takardun da suka yi ja don tsufa ya yi ta shifta har lokaci ya cika. Zuwa irin wannan ajin ba shi da albarkar da na lissafa a sama, ba zan ruɗe ka ba. Duk da haka ka je, don shi ne dai mai makin, kuma irinsu sun fi kowa riƙe takardar sa hannu. Ka tafi da littafin kwas ɗin a jaka, in bai zo ba ka wuce laburare da awa biyun. In abin ya yi yawa, a kai kuka ta hannun wakilin aji zuwa ga shugaban sashe, a rubuce, da sunan aji gaba ɗaya, ba da sunan mutum ɗaya ba.

Idan rashin lafiya ce ta kwantar da kai, ko rasuwa aka yi maka, kada ka tsaya ga saƙon waya. Takardar asibitin waje sau da yawa sai asibitin jami'a ya tabbatar da ita kafin a karɓa, saboda haka ka kai ta can da zarar ka miƙe. Ka rubuta wa malamin kwas ɗin wasiƙa ta hannun mai kula da ajinku, ka haɗa da takardar, ka ajiye kwafi. Ranar da aka kafe makin CA kuma ka je da ƙafarka ka duba lambarka, in akwai tes ɗin da ka rubuta bai fito ba ka yi magana a makon. Kafin sakamako ya bar sashe, gyaran aikin malami ɗaya ne da biro. Bayan majalisar jami'a ta amince da shi, sai takarda ta bi ofis-ofis, kuma tana iya cin zango guda kafin ta dawo.